Baƙin Zare a Wuyan Riga

Duk unguwarsu a garin Almora an san Khashti Devi ba ta saƙa wa mutum rigar sanyi sai ta juya shi kamar ƙaramin yaro, ta dafa gadon bayansa ta auna da ɗanin hannunta. Ko babban malamin makaranta ne, haka zai tsaya ya sha juyi. Tun tana amarya take wannan aiki a saman soro, tana shan hantsi. In rigar mijinta ta tsufa sai ta warware, ta turara zaren a bakin butar shayi ya miƙe, ya koma rigar ɗansu Bhuwan, daga nan hula, daga nan safa. A gidanta ulu ba ya mutuwa. Kuma duk rigar da ta fito daga hannunta tana da baƙin zare guda a cikin wuya, maganin kambun baka.

Mutum ɗaya ta karya wa dokar awo, jikarta Mihika, 'yar Bhuwan, da ke Delhi. Tun tana jaririya aka kawo ta sau ɗaya, daga nan sai hoto a waya. Delhin nan kuwa ba bangon duniya ba ce, motar safe ce ta kai ka kafin dare. Amma kullum Bhuwan aiki ya yi masa yawa. Haka tsohuwa za ta ƙura wa hoto ido ta ce ido ba mudu ba ya san kima, ta saƙa, ta aika.

Ranar baje kolin ulu da kayan saƙa ta tafi da maƙwabciyarta Hansi, ta gama tsara komai a ka. Bana riga mai ruwan zuma za ta yi wa yarinyar, da igiya biyu a murɗe a ƙirji, abin da ya ragu a yi hula. Rumfa rumfa ta bi tana goga zare a kumatu.

"Wannan ai roba ce," ta ce wa wani mai rumfa. "Tunkiyar da ta ba ka shi a kamfanin bokiti aka haife ta?"

"Didi, ki bar bawan Allahn nan ya ci kasuwa," in ji Hansi, don haka take kiran ta, wato yaya.

"Ya ci mana, amma ba da fatar jikata ba."

Can ƙarshen fili akwai mai gwanjo da ke kawo tsofaffin riguna daga birni, mata na saye a kilo su warware. Hansi ce ta ja ta wurin. Khashti ta tura hannu cikin tulin tana yatsina, sai ta zaro wata koriyar riga. Ta juya wuyan. Baƙin zare. Ta sake tonawa, ga ja ta bara waccan, ga shuɗiya mai maɓallan katako da ta yi fama da ita lokacin da idonta ke ciwo. Ko gwiwar hannu ba ta goge ba. Ta shinshina, har yanzu ƙamshin ganyen darbejiyar da take sawa saboda asu yana nan.

"Kai! A ina ka samo waɗannan?"

"Delhi, Iya. Gida gida matanmu ke bi, a ba su tsumma su ba da kwanon silba."

"Tsumma? Kwano nawa aka ba da a kan waɗannan?"

Ya ɗaga su ya jijjiga. "Ba za su wuce ƙaramin kwano ɗaya ba."

Don Allah a ji rashin ta ido! Sanyi uku na tsohuwa, da ciwon wuya da na yatsu, an mayar da su kwanon zuba miyar wake. Da ma wani yaron talaka aka ba ya sa, da sauƙi. Kunya ta rufe Khashti a gaban Hansi, wadda ta sha jin labarin yadda Mihika ba ta yarda a cire mata rigar kakarta. Ta biya ba ciniki, ita da ke iya ɓata rabin yini a kan allura. Ulu mai ruwan zuma kuwa ko kallonsa ba ta sake yi ba.

Da yamma Bhuwan ya kira, tana zaune da koriyar rigar a cinya, ta riga ta kama bakin zaren.

"Ija," in ji shi, don haka suke kiran uwa, "kin je baje kolin? Mihika na ta tambayar sabuwar rigarta. Koriyar nan kullum tana jikinta."

"Yanzu ma?"

"Yanzu ma, da ƙyar ake wanke ta."

Ta ja zaren, layi guda ya zube. Ba surukarta ba ce ma, da ta samu wanda za ta ɗora wa laifi. Ɗan da ta auna bayansa tun yana ɗani biyu ne yake shirga mata ƙarya ko tari babu.

"To madalla. Ka saurare ni, Bhuwan. Na daina saƙa wa hoto. Mai son rigata ya kawo bayansa in auna."

"Haba Ija, aiki ne..."

"Ulu na nan, ba ya ruɓewa."

Ta warware rigunan kaf, ta turara, ta dunƙule, ta zuba a akwatin ƙarfe da ganyen darbejiya. Har yau tana saƙa wa duk wanda ya tsaya ta juya shi, amma akwatin nan ba mai taɓawa. Wanda ya yi nisa dai ba ya jin kira, Bhuwan bai zo ba tukuna.

Baje koli kuwa ba ta fasa zuwa ba. Duk shekara takan sayi dunƙule guda ta ƙara a akwatin. Da Hansi ta tambaye ta na mene ne, tunda ba saƙawa take ba, sai ta harare ta.

"Yarinyar girma take yi. So kike ranar da ta zo zaren ya kasa?"