Ranar da Muka Rufe Ƙofar Mushe Iliya a Gure

Ana kiran assalatu muka bar Damagaram, ni da direba da mai ɗaukar hoto da shugabarmu, wata ƴar Yamai da muke kira Madam, mai shirya wa wata tashar talabijin shirin zaman iyali. Ni ne tafinta, ni kuma na haɗa tafiyar, zumuɗi ya hana ni ko kurɓar koko. Gure muka nufa, gidan Mushe Iliya, malamin da ya koyar da ni a lakol, wato makarantar boko, inda Mushe ake kiran malami. Kirista ne, ya bar aikin gwamnati, yanzu shi da matarsa ke karantar da ƴaƴansu a gida.

Ba mu kai Mirya ba Madam ta miƙo mini wayarta in ga abin da take son kwaikwayo. Shirye-shiryen Amurka ne a kan Kiristoci masu tsananin riƙo da ba sa kai ƴaƴansu makaranta. Yara reras cikin dogayen riguna, uba ya ɗaure fuska, ana kaɗa wani kiɗa mai sa faɗuwar gaba, kuma ko wanne da hoton rufaffiyar ƙofa yake farawa. Ta ce, "Irin wannan nake so. Mutane na son leƙa gidan da aka kulle." Gidan Mushe ne kaɗai na Kirista a unguwarsu, kuma na yi masa alkawari ba za a nuna abin da zai ɓata shi da maƙwabta ba. In aka nuna shi yana ɓoye ƴaƴansa daga Musulmi, da wane ido zai dubi mutanen da yake ɗiban ruwa tare da su?

Hanya dai ta ɗan mantar da ni. A Gidimuni muka sayi rake da dabino, mai raken na ganin kamara ya ƙara kuɗi, direba ya yi ta masifa yana tauna. A Gidigir ranar kasuwa muka tarar, raƙuma sun tare kwalta ba su da niyyar matsawa, na sayi cuku don in kai wa Mushe tsaraba. Daga nan sai tuddan rairayi, kana cikin kallon fari fat sai ka hango kwari kore shar da dabinai da lambuna. Mai hoto ya yi ta ihu a tsaya, a tsaya, har jandarma suka tsayar da mu da kansu suka sha mana kai da tambayoyi.

Da hantsi muka isa. Tsanani kam Mushe na da shi, ban ɓoye muku ba. Babu talabijin a gidan, babu waya a hannun yaro, kuma kowa sai ya kawo haddar aya daga Littafi Mai Tsarki kafin ya ci abinci. Ni da gemuna, yana ɗaga ido na gyara wuyan rigata. Madam sai murmushi take. Abu ɗaya ya ɓata mata tsari: zauren cike yake da yaran maƙwabta, ƴaƴan makiyaya da ke zuwa koyon lissafi da Faransanci, su tashi in an zo karatun addini, kamar yadda Mushe ya shirya da iyayensu. Ga matan unguwa na shige da fice, wannan aron taɓarya, waccan ɗiban garwashi.

Madam ta ce wa Mushe hayaniya na shiga na'ura, a sallami yaran a rufe ƙofa na ɗan lokaci. Ya yarda da zuciya ɗaya. Ni kuwa na san dalilin gaskiya. Ƙyauren kuwa ya ƙi motsi, don rairayi ya binne gindinsa, sai da direba ya durƙusa ya tona da hannu. Mai hoto ya fita waje ya saita kamara a kan rufaffiyar ƙofa.

Kai jama'a! Abin da baƙi ba su sani ba, a unguwar nan ba a rufe ƙofa da rana tsaka sai in wani abu ya faru. Yaran sun watsu gida suna cewa baƙi sun zo da na'ura sun kulle Mushe. Kafin Rahila, babbar ƴarsa, ta gama karanta aya ɗaya, sai muka ji ana dukan ƙyaure kamar za a ɓalla shi. Ina buɗewa na ga unguwa kaf: maza da sanduna, liman da carbinsa, mai hoto an sa shi tsakiya yana rantsuwa da Faransanci. A gaba wata tsohuwa Babarbariya mai kawo musu nono, Ya Falmata, ko ƙwaryar ba ta sauke ba.

"Wa ya mutu? Ko kama Baban Rahila kuka zo yi?"

Na ce hoto ne kawai, Iya. Ta ce, "To me ya haɗa hoto da rufe ƙofa, ɗana?" Mushe na bayana yana ji. Na ce mata so ake masu kallo su ga kamar yana tsare ƴaƴansa daga ku.

Salati ya tashi. Mushe bai ɗaga murya ba, ya dubi Madam ya ce da Faransanci shi mai tsanani ne, ta nuna hakan in tana so, amma ƙofarsa ba ta taɓa rufuwa a kan mutanen nan ba. Ya Falmata ba ta tsaya jin fassara ba. Ta mirgino turmi ta tokare ƙyauren, ta zauna a kai ta ce duk mai ɗaukar hoton gidan nan sai ya ɗauka da ita. Madam ta cika ta yi fam, can kuma dariya ta ƙwace mata, ta ce wa mai hoto ya kunna. Wallahi daɗi ya kashe ni! Aka dawo da yara, aka dama fura, liman ma sai da aka sa masa na'urar magana a wuyan riga.

Da la'asar muka kamo hanya. Madam ta ce ba ta san ko manyanta za su karɓi shirin ba, don babu abin tsoro a ciki. Ni dai na dawo da alkawarina bai karye ba, na kuma koyi cewa hoto na iya zama gaskiya ƙwarai, a yi ƙarya da abin da aka kora daga gabansa.

Da na isa gida matata ta ce in nuna mata shirin Amurkan da nake ta ba ta labari. Aka nuno rufaffiyar ƙofa, kiɗan nan ya tashi, ta ce, "Allah sarki, yaran nan ba su da kowa." Na ce mata ban sani ba. Ni yanzu in na ga ƙofar nan, tambayar da nake yi ita ce wa ya rufe ta, kuma su wa aka bari a waje.