Koriyar Kwalbar Madam

Gara in faɗa tun da wuri kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Ko na ɓoye ma akwai shaidu, kuma yawancinsu har yanzu suna da rai da baki.

Lokacin ina tuƙi a Riyad, a gidan wani attajiri a unguwar Ulaya. Aikina kai yara makaranta, kai Madam kasuwa, sai jira. Jiran ya fi yawa. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci mukan taru a unguwar Dira, a ɗakin wani mutumin Maraɗi da ke girki a gidan abinci. Direbobi ne da leburori, sai 'yan ɗalibai masu karatun addini da yunwa kan koro daga jami'a. A ci kabsa, shinkafar Larabawa da nama, a sha abin sanyi, a yi musu. Da yake na girmi kowa, ni ke zama kan matashin da ke daidai ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Wanda bai yi bazara a Riyad ba, ba zai gane cewa matashin nan sarauta ba ne.

Musun da ba ya ƙarewa shi ne sunan abin da muke kora shinkafar da shi. Ni Bakano ne. A wurina duk abin da ke cikin kwalba ko gwangwani, in an buɗe ya yi tsuwwa, lemo ne, ko baƙi ne, ko ja, ko bai taɓa wucewa ta gindin bishiyar lemo ba. Mutanen Nijar su ce sukureri, gadon da Faransa ta bar musu. Wani direba da ya daɗe a Legas ya ce minaral. Mai kantin ƙasan bene ba ya jin ko ɗaya, sai ka ce masa barid, mai sanyi ke nan. Ɗalibai kuwa mashrubat suke cewa, suna ja kamar a gaban malami. Ni da na yi aji huɗu a firamare nakan yanke hukunci daga kan matashi cewa lemo ne asali, sauran duk baƙi ne. Babu mai bi, amma ana sauraro.

To a gidan aikina akwai wani lemo da Madam ke sha, daga Turai ake kawo shi, cikin wata koriyar kwalba mai siririn wuya. Mai girkin gidan 'yar Damagaram ce, ba ta kai ni shekaru ba amma ta fi ni baki. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun kaka da kakanni, saboda haka ba ta raga mini, ba na raga mata. Na yi ta yi mata naci a bakin ƙofar kicin har ta gaji, ta fara miƙo mini kwalba ɗaya duk ran Alhamis. Kullum murfin a ɗan danne yake, an buɗe an mayar. Ta ce mabuɗin na kicin ne, shi ya sa take buɗe mini. Na ce Allah ya yi albarka.

Ba na sha a gida. Sai in riƙe ta zuwa Juma'a, in dasa ta a gabana, kowa da gwangwaninsa ni da koriyar kwalbata. In kurɓa, in lumshe ido, in yi musu bayani cewa abu mai tsada ba ya shiga maƙogwaro da gudu, sallama yake yi.

Wata Juma'a mutumin Maraɗi ya kalle ni ya ce, “Baba, ka tuna mini da Turawan Kwatano.”

Na ce, “Da me?”

Ya ce da yana yaro ya yi wanke-wanke a wani otal a can. Turawa na da wata barasa, bodka, fara tas kamar ruwan famfo. Akwai mai araha, akwai wadda sai manya.

Na ce, “Rage murya, a Riyad kake.”

Ya rage. Ya ce mai zuba musu, in kwalbar mai tsadar ta ƙare, sai ya ɗura mai arahar a ciki. Su kurɓa, su lumshe ido, su ce ai wannan daban ce. Har ya bar wurin bai ga wanda ya gane ba.

Na ce, “Wannan harshen da barasa ta ƙone ne. Ni ban taɓa ko sansana ta ba. Nawa harshen fes yake, ko a duhu na san lemon Madam.”

Ya ce, “In ka gane shi ido a rufe, ni da duk 'yan Nijar mun koma cewa lemo.”

“In ban gane ba fa?”

“Ka ce sukureri da bakinka, ka kuma tashi daga matashin nan.”

Wani ɗalibi ɗan Sakkwato ya gyara murya ya ce a duba kada abin ya zama caca. Aka duba, aka ga babu kuɗi a ciki, iska ce kawai. Ya ce to babu laifi, shi ne ma zai zama alƙali.

Juma'ar da ta biyo, mutumin Maraɗi ya zo da koriyar kwalba sabuwa daga wani babban kanti a Ulaya, murfinta a liƙe, kowa ya shafa ya tabbatar. Aka aika ƙasa aka sayo gwangwani. Suka ɗaure mini ido da jan ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa a ka. Na ji tsuwwa biyu, aka miƙo mini ƙaramin kofin gahawa.

Na kurɓa. Ɗaci ne ya fara gaishe ni, irin na ɓawon lemo, zaƙin kuma kamar an yi rowarsa. Na tofar a hankici na ce, “Wannan na leburori ne. Maganin zazzaɓi aka sa wa iska. Kawo na gaba.”

Na biyun tun bai sauka ba na san shi. Shi ne abokina na kowace Juma'a, zaƙinsa, ƙamshinsa, komai. Na ɗaga kofin na yi ɗan jawabi a kan ruwan duwatsun Turai da yadda ake tace shi. 

Alƙali ya ce, “Baba, ka tabbata? Shari'a ta ba ka damar komawa.”

Na ce, “Yaro, tun ba a haife ka ba nake da baki.”

Aka kwance mini ido. Gwangwanin na hannun alƙali, shi na zaɓa. Ba su yi dariya sosai ba, don yaran na da tarbiyya, sai direban Legas da ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Na ɗauki hulata na koma bakin ƙofa inda takalma suke, inda zafin bene ke shigowa. Mutumin Maraɗi ya hau matashi ya miƙe ƙafa ya ce, “Baba, me za a miƙo maka?”

Na ce, “Sukureri.” Bai fita da daɗi ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne harshena bai yi mini ƙarya ba. Abin da na zaɓa shi nake sha duk makon Allah. Ina tuƙi ina juya maganar, sai a wata danja na tuna murfin nan da kullum a danne yake.

Washegari na tsaya a ƙofar kicin na yi sallama. 'Yar Damagaram ta leƙo da ludayi a hannu.

Na ce, “Me kike zuba mini a koriyar kwalba?”

Ko ido ba ta ƙifta ba. Ta ce, “Na gwangwanin da yara ke sha. In Madam ta shanye nata in wanke kwalbar in cika maka.”

“Ashe ha'intata kike yi.”

“Kayan Madam nawa ne da zan yi kyauta da su? Ka hana ni sakat, ni kuma ba na iya korar tsoho.”

Na ce, “Kin san kin raba ni da mukayyif? Kin sa Bakano ya ce sukureri a gaban jama'a.”

Na kwashe labarin Juma'a na ba ta. Ta ce, “Kun samo na gaskiyar ke nan. Yaya ka ji shi?”

Na ce ɗaci gare shi.

Ta gyara riƙon ludayi ta ce, “To Baba, wanda kake so na ba ka, a kwalbar da kake so, kana sha kana sa mini albarka. Da na ba ka na Madam ai da tuni ka ce Badamagariya ta zuba maka magani. Ran Alhamis in cika ko in bari?”