Littafin Baba Danladi a Takardar Ƙosai

Har gobe ban manta da ranar da Malam Ndagi ya tsallako titi ya shigo maɗaba'armu a Sauka Kahuta ba. Tsakiyar shekarun casa'in ne, ina mai tsara shafi. Shi kuwa shagon buga takardu gare shi, kwamfutarsa ta wani kamfani ce da ke gasa da mai tamu. Kullum tasa na kamuwa da ƙwayar cuta, tamu ko mura. Muna ta yi masa tsiya.

Ranar ba a yi tsiya ba. Bayansa akwai Baba Danladi, tsohon malamin makaranta daga Kuta, wanda ya shekara uku yana tattara waƙoƙin noma na mahaifiyarsa. Ndagi ya buga masa su a kwamfuta ya adana a faifai, tsohon ya yar da rubutun hannunsa. Mako guda kafin ranar suka kawo mana faifan muka fitar masa da gwajin bugu a takarda, muka mayar musu da faifan. Ndagi na saka faifan a kwamfutarsa, komai ya goge.

"Oga, daga wajenku cutar ta taso," Ndagi ya ce wa ogana.

Gaskiyarsa ce. Cutar ba ta cin tamu, amma tana kwance a ciki, tana bin duk faifan da ya ratsa. Ogana ya kira injiniyan kamfanin kwamfutarmu a Kaduna, injiniyan ya ce masa ba sa yin magani don injin wasu.

Sai na tuna gwajin nan. Baba ya bar mana shi mu gyara, mu kuma bisa kuskure muka haɗa da tarkacen takardun da muke ba Maman Talatu mai ƙosai don naɗi. Na ruga. Rabin shafukan na samu, duk mai. Sauran sun bi ƙosai gari.

Wata biyu Baba yana zuwa kowace Asabar, ya zauna kusa da ni yana rera abin da ya tuna, ina bugawa, Ndagi na dubawa. In baiti ya ƙwace masa sai ya ce, "Ɗana, bar gurbi, zai dawo." Bai cike guraben ba ya rasu. Wallahi ina kewar muryar tsohon nan.

Ku yara masu aikin yanzu, in injinku bai kamuwa, kada ku ɗauka kun kuɓuta, ku duba abin da kuke miƙa wa maƙwabci. Ni dai har yau in na sayi ƙosai sai na warware takardar na karanta.