Murhun Enid Tolley

Shekara goma sha ɗaya ina hura wa Enid Tolley wuta. Tun da ƙurar kwal ta cinye huhun mijinta Alf, abokin aikina a ramin haƙar kwal, nake tsallaka titi kowace safiya da bokiti. In kwashe toka, in jera kirare, in zuba kwal, ta ba ni shayi a kujerar da ke gefen murhu. Ban taɓa gaya mata abin da ke raina ba. A ganina bokitin ya isa magana.

A layinmu aka haife ta, layin gidajen mahaƙa. Tana da shekara tara uwarta ta koya mata rufe wuta da toka don ta kwana da rai. Ta yi aiki a ɗakin cin abincin ma'aikata har aka rufe ramin, ta koma ɗinkin riguna a masana'anta har ita ma aka rufe. A garinmu ba a buga wa tsoho ƙofa don a ji lafiyarsa, bututun hayaƙinsa ake kallo. Idan hayaƙi na tashi, ya tashi lafiya. Na Enid bai taɓa fashi ba.

Bara gwiwoyinta suka ƙi hawa bene, aka ba ta ɗan gida a unguwar tsofaffi, can ƙarshen gari. Ɗaki ɗaya da falo, da ɗumi ta bututun ruwan zafi, amma babu murhu. Ta ce falo babu wuta fuska ce babu ido, za ta sayi na lantarki.

Na je da tef na auna bangon, inci arba'in tsakanin ƙofa da taga. Ina durƙushe sai ga Desmond Pyle, maƙwabcinta na sabon wuri, tsohon mai tallar darduma, gashi a kwance da mai. Bai ƙwanƙwasa ba.

"Gimbiya, wannan ne ɗan aikin naki?" in ji shi.

"Wilf ke nan," ta ce. "Ba ya cizo, ba ya kuma magana."

Ta yi dariya. Rabon da in ji irin dariyar nan tun Alf na raye, kuma ba ni na jawo ta ba.

A motarsa muka je kanti, ita a gaba, ni a baya da tef a aljihu. Na nuna mata wani ƙarami, inci talatin, ba ya cin wuta, ɗaki kamar nata zai ɗumama shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Desmond ya ja ta wajen wani dogo mai canza launi, yanzu shuɗi, an jima ja.

"Wannan ne ya dace da ke, ranki ya daɗe. Na Wilf ai na ɗakin maigadi ne."

"Wuta shuɗiya iskar gas ce," na ce. "A rami in ka gan ta, gudu ake yi."

Enid ba ta saurari ko ɗayanmu ba. Kowane murhu ta zo, sai ta juya masa baya, ta ɗan ɗaga gefen siket, yadda matan layinmu suka saba, ta ji ko ɗumin na kai wa ƙafa. Sannan ta auna kantar samansa da tafin hannu, saboda fitilar ramin Alf da agogon uwarta. Ta tsaya a kan wani mai katako, da kwal na roba a ciki.

"Inci arba'in da biyu," na ce. "Ƙofa za ta buge shi."

"Zai shiga," in ji Desmond. "Inci biyu abin tashin hankali ne, dattijo?"

Bai shiga ba. Ranar da aka kawo shi na cire ƙofar falon, na juya ta ta koma buɗewa waje. Wuni guda na yi, bayana kamar zai karye. Desmond na zaune gefen sabon murhun, a kujerar da ta zo da ita daga tsohon gida, kujerata, yana shan shayi yana gaya mini inda zan sa ƙusa. Ya koya mata rimot sau uku, hannunsa a kan nata.

Da la'asar ta fere dankali, ta zo ta watsa ɓawon cikin wutar. Ya bugi gilashin gaban murhun ya zube a ƙasa. Ta tsaya tana kallonsa. Desmond ya yi ta dariya har da tari. Ni na ɗauko tsintsiya.

Ina haɗa kayana ta ce, "Yanzu ba hayaƙi, Wilf."

"Kada ki damu, gimbiya," in ji Desmond. "Labulenki na daidai tagata. Ni zan riƙa duba ki."

Na sa hulata na fita. Kwana biyu ban je ba. Kowace safiya sai in tsinci kaina a bakin taga, ina kallon bututun tsohon gidanta da ba kowa a ciki. Rana ta uku na hau bas ɗin ƙarfe bakwai da kwata, hannuna ba komai, har ban san inda zan ajiye shi ba.

Ta buɗe ƙofa da rigar sanyi biyu a jikinta. Murhun a kashe.

"Ka makara kwana biyu," ta ce.

"Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Ina mai duba labulen?"

"Ya zo jiya da shekaranjiya, ya nemi rimot. Na ce ban san inda na sa ba." Ta zaro shi daga aljihun rigarta ta miƙo mini. "Hura mana wuta, kurman banza, ƙafafuna sun daskare."

Na danna, kwal ɗin roba ya yi ja. Na zauna a kujerata. A kan kantar murhun, kusa da fitilar Alf, akwai wani kofi mai ruwan ƙasa da ban sani ba, ba shakka na Desmond ne. Tana shiga kicin na ɗauke shi, na tura shi bayan agogo.