Yadda Na Goge Muryar Mahaifina da Hannuna

A shekarun da zan ba da labarinsu ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, na dawo Azare daga hidimar ƙasa, ina koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare. Na daɗe ina ɗauke da wannan abu a raina kafin na yanke shawarar rubuto muku, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. A jami'a na koyi sarrafa kwamfuta ba tare da danna hotuna ba: baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni da haruffa, ka buga, na'ura ta aikata ba tare da ta tambaye ka ko ka tabbata ba. Wannan rashin tambaya shi ya fi burge ni. Duk wanda na gani yana jan linzamin kwamfuta yana neman abin dannawa, kallon ɗan koyo nake yi masa.

Wani abokin karatuna ya aiko min da wata 'yar na'ura da ba ta fi tsawon yatsa ba. Ana soka ta a jikin kwamfuta, a haɗa mata wayar eriya, sai ta kamo tashoshin talabijin na dijital da ake watsowa ta iska. Matsalar ita ce garinmu na da nisa da inda ake watsowa, sai an ɗaga eriya sama sosai kuma an saita ta daidai. A nan ne mahaifina ya shigo cikin aikin. Baba malamin dabbobi ne da ya yi ritaya. Ya yi shekara talatin da ɗoriya yana bin rugage a kan babur, daga ƙauyukan Katagum har Dagauda da Hardawa, yana yi wa shanu allurar rigakafi. Mutum ne marar yawan magana a gida, har muna yara mukan ɗauka fushi yake yi. Amma da ya ga ina fama da eriya, shi da kansa ya samo gora biyu ya ɗaure su da waya, ya kafa a gindin darbejiyar tsakar gidanmu.

Har yau ina tuna waɗancan ranakun. Bayan la'asar nakan zauna a bakin taga da kwamfuta a cinya, na rubuta umarnin da ke nuna ƙarfin abin da eriya ke kamowa, lambobi suna gangarowa a allo. Baba yana waje riƙe da gora, yana juya ta a hankali kamar mai lallashin saniyar da ba ta son allura. Ni ina karanto masa lamba, shi yana tambaya ko ta hau ko ta sauka. Idan ta hau sai ya tsaya cak, ya ce in duba da kyau kada in ruɗe shi. Kwana huɗu muka yi a haka. Ranar da na sa na'urar ta binciki tashoshi ta jero min sunaye bakwai, na rubuta umarnin buɗe ta farko, hoto ya fito tas babu yayyafi. Inna, mahaifiyata, ta bar tankaɗen da take yi ta zo da gari a hannu tana leƙe. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe baƙin allon nan nawa yana da amfani. A iya sanina wannan ne yabo na farko da ya yi min a gaban idona.

Daga nan na koyi naɗa. Layi ɗaya ne: sunan tasha, tsawon lokaci, sai sunan fayil ɗin da za a zuba shirin a ciki. Na naɗa wa Baba shirin noma da kiwo idan zai tafi jana'iza ko ɗaurin aure, na naɗa wa Inna tafsiri. Gidanmu ya koma wurin taruwa, ni kuma na zama wanda ba a iya komai sai da shi, abin yana yi min daɗi fiye da yadda ya kamata.

Wata rana ma'aikatan wata tasha suka zo gari suna neman tsofaffin ma'aikatan dabbobi, aka nuna musu gidanmu. Suka tafi da Baba wata ruga suka yi hira da shi a cikin shanu. Ranar Lahadin da za a sa shirin, 'yan'uwa suka cika tsakar gida. Ƙanwata ta ɗaga wayarta za ta ɗauka daga allo, na hana ta, na ce hoton waya rawa yake yi, ni zan naɗi na asali in ba kowa. Ta sauke wayar. Na rubuta umarni, na sa wa fayil ɗin suna "baba", na buga.

Minti ashirin da shida ne shirin. Mutumin da muka sani da shiru sai ga shi yana zuba, rabi da Hausa rabi da Fillanci. Ya ba da labarin shekarar da wata cuta ta shiga garkunan shanu, da yadda ya kwana uku a ruga ɗaya. Ya kwaikwayi kiran da yake yi wa bijimi kafin ya taɓa wuyansa, har mai tambayar ya yi dariya. Can kusa da ƙarshe aka tambaye shi yadda yake adana magani a zamanin da babu firiji. Sai ya ce wannan aikin uwargidansa ne. Ita ke binne tulun maganin a jiƙaƙƙen yashi, tana tashi tana yayyafa ruwa don kada maganin ya lalace, kuma duk saniyar da ta rayu a hannunsa, rabin ladan nata ne. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Shekara arba'in suna tare, bai taɓa faɗa mata haka ba sai ta bakin talabijin.

Ƙanwata ta yi ta bibiyata in tura mata. Fayil ɗin babba ne, kuma waya ba ta buɗe irinsa sai an juya shi, aikin da ba zai ɗauke ni rabin awa ba. Kullum sai in ce gobe. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce ina son a riƙa zuwa wurina idan ana son kallo. Ba a daɗe ba Baba ya kwanta ciwo, muka shiga zirga-zirgar asibiti, na ajiye 'yar na'urar a aljihun tebur. Wata biyar bayan hirar Allah ya karɓi abinsa.

Duk tsawon takabar Inna, kowace Juma'a bayan la'asar nakan kai mata kwamfuta ɗaki in buɗe mata shirin. Ba ta kuka. Takan zauna ta miƙe ƙafa, leɓunanta suna motsi tare da nasa. Idan ya ƙare ta yi masa addu'a, ta ce in rufe.

Makonni kaɗan da fitarta takaba, wani abokina ya kira ni yana kan hanyar Misau, ya roƙe ni in naɗa masa wasan ƙwallo da za a nuna da yamma. Da yamma na fito da na'urar a gurguje don an riga an take wasa. Baƙin allo yana ajiye tsofaffin umarnin da ka taɓa rubutawa, sai na koma baya na nemo na naɗa na ƙarshe don kada in ɓata lokaci. Na canja sunan tasha, na canja tsawon lokaci, na buga. Ban kai idona ƙarshen layin ba. Na zauna na kalli wasan har aka tashi, ina ta murna. Sai da na je tura wa abokina, ina neman sabon fayil ban gani ba, sannan na lura da girman wanda ake kira "baba" ya ninka sau huɗu. Na buɗe shi. Fili ne kore da mutane suna gudu.

Nan na gane abin da na aikata. Na kashe kwamfutar, na cire ma'ajiyarta, na yi mako biyu ina gwada duk dabarar tono abin da aka goge. Sabon ya hau kan tsohon. Abin da na samu daƙiƙa tara ne, babu sauti: Baba yana gyara hula, ya juya yana dariya. Na yi tafiya takanas zuwa tashar. Suka karɓe ni da mutunci, wata ma'aikaciya ta yi ta dubawa har azahar, daga baya ta ba ni haƙuri ta ce ma'ajiyar da aka yi aikin a kanta an riga an sake amfani da ita. Na tambayi duk wanda ya zo gidanmu ranar Lahadin nan. Babu wanda ya ɗauka, domin kowa ya ji na ce zan ba shi.

Kuskuren hannu ne wannan, amma abin da ya biyo baya da gangan na yi shi. Na ce wa Inna kwamfuta ta lalace, ana jiran wani ƙarfe daga Kano. Wata uku ina maimaita wannan ƙarya. Kowace Juma'a takan tambaye ni sau ɗaya, ba ta ƙarawa. Na fara ƙin cin abinci a gida. Ranar da na ji ta bayan sallar azahar tana roƙon Allah ya sa a samu ƙarfen nan, na kasa jurewa. Na shiga na durƙusa a bakin tabarmarta na faɗa mata komai, har da hana ƙanwata ɗauka, har da wasan ƙwallon.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Gogewar ƙaddara ce, na yafe. Amma wata uku ka bar ni ina yi wa ƙarfe addu'a. Wannan ne ya yi min ciwo."

Na kasa ɗaga kai. Can sai ta tambaye ni ko na riƙe abin da ya faɗa, na ce kaɗan-kaɗan. Ta gyara zama, ta fara daga sallamar da ya yi, ta bi hirar tiryan-tiryan da Hausarta da Fillancinta, har kiran bijimin. Da ta iso wurin tulu da yashi sai ta tsaya, ta ce nan ba za ta iya faɗa da bakinta ba. Washegari na roƙe ta ta maimaita, na ɗauka da waya, kuma kafin magariba abin da na ɗauka yana hannun 'yan'uwana duka, tare da daƙiƙa taran nan.

Yanzu shekaru sun shuɗe. Ina da 'ya'ya uku da suka san dariyar kakansu amma ba su san muryarsa ba. Kwanakin baya Inna ta ce min kalmomin suna nan, sai dai amon muryar ya fara kuɓuce mata.

Na fahimci ba gaggawar yammacin nan ce ta cuce ni ba. Kowa yana kuskuren yatsa. Abin da ya cuce ni shi ne watannin da na riƙe abin mutane ni kaɗai don a riƙa nemana. Ina kira ga 'yan'uwana masu ilimin na'ura: karanta layi har ƙarshe kafin ka buga, kuma duk abin da ba za a iya sake ɗauka ba, ka raba shi a ranar, kada ya kwana a wuri ɗaya. Idan ka yi ɓarna, ka faɗa da wuri. Wanda iyayensa ke raye kuma, kada ya jira 'yan talabijin su zo. Ya zauna kusa da su yau, ya tambaye su, ya ɗauka ko da hoton zai yi rawa.