Sa Hannun Inna Tasalla

Inna Tasalla mutuniyar Jiratawa ce, aure ya kawo ta Sabon Gari, nan Maraɗi, yau shekara talatin. Man gyaɗa take matsa, ta soya ƙuli-ƙuli ta kasa a ƙofar gida. Ƙofarmu da tata suna kallon juna, saboda haka in na taso daga aiki nakan zauna kan bencinta, tana tuya tana magana. Ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Mijinta Malam Ya'u ya rasu ya bar mata yara biyar, kuma cikinsu auta, Samira, ita kaɗai ta kai koleji.

A bara Samira tana maimaita ajin katiriyem, aji na uku a koleji. Wanda ya maimaita aji, in bai samu makin wucewa ba, kora ce. Uwa da ɗiya duk sun san haka.

Malamin lissafinsu shi ne Mushe Zakari, don mu nan Mushe ake ce wa malamin lakwal. Ba mugu ba ne, ko Inna Tasalla ba ta ce mugu ne ba. Yara casa'in da wani abu gare shi a aji ɗaya, kuma ya gaji da debuwar, wato aikin gida, da ake kwafa da safe a gindin bishiyar bedi. Sai ya kafa doka: duk aikin gida da ya bayar, uba ko uwa su sa hannu a ƙasa, shaidar a gida aka yi shi. Dangwala yatsa bai karɓa, don kowane yaro yana da yatsa.

"Inna, ko in kai wa maƙwabta su sa?" in ji Samira.

"Maƙwabta suka haife ki? Miƙo bik ɗin."

Samira ta rubuta mata Tasalla a bayan kwalin sukari, ta sa mata bik ɗin, wato alƙalami, ta kama hannunta tana ja. Mako uku Inna tana koyo. Tana jiran mai ya yi zafi tana zanawa da tsinke a ƙasa, matan layi suna tsokanarta, wai bana da ita za a yi jarrabawa. Ta ce mini ko a Jiratawa, lokacin da take ɗaukar dami a ka, wuyanta bai yi ciwo irin na wannan bik ba. Amma ta iya. Duk yammar da aka ba da debuwar, sai ta wanke hannu da toka, ta goge da zane, ta zauna kusa da Samira har ta gama, sannan ta sa hannu.

Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne, wanda ya koyi rubutu daga mutum ɗaya, rubutun mutumin yake ɗauka. Yadda Samira ke karkata baƙi, haka uwar ke karkatawa. Kusan ƙarshen shekara Mushe Zakari ya kama yara huɗu suna sa wa kansu hannu, ya zauna ya bi kayen kowa, wato littafin rubutu, shafi-shafi. Da ya zo kan na Samira, ya ga rubutun sama da na ƙasa hannu ɗaya ne.

"Debuwar goma sha ɗaya, duk ke kika sa," ya ce mata a gaban aji.

"Wallahi Mushe, Innata ce."

"Innarki mai ƙuli-ƙuli? To, ta zo gobe."

Inna Tasalla ta sa zanen Sallah, ta rufe kasko, ta tafi. Aka shigar da ita biro, ofishin shugaban koleji. Ga direkte a bayan tebur, ga sirbeyan mai kula da ladabin yara tsaye, ga Mushe Zakari, ga yara sun cika taga. Ba a ba ta kujera ba. Aka tura mata farar takarda da wani bik mai nauyi wanda ba irin nata ba.

"Baiwar Allah, sa mu gani," in ji direkte.

Ita a ƙasa ta saba zama, kaye bisa cinya. Nan kuwa tsaye take, ta duƙa kan tebur, mayafi yana zamowa. Ta ja layin farko ya tafi gefe. Wani yaro a taga ya ce, "Kai, tsohuwa tana zanen ƙugiya!" Aka fashe da dariya. Daga nan komai ya ɓace mata. Ta ce mini ta duba takardar kamar ba ta taɓa ganin sunanta ba.

"Mushe, ku bar ni in zauna ƙasa."

"Inna, ya isa," Mushe Zakari ya ce a hankali. "Kada ki wahalar da kanki don rufa mata asiri."

Aka ba Samira sifili a duka goma sha ɗayan. Makinta na shekara ya faɗi ƙasa da goma bisa ashirin, kaɗan ya rage. Sunanta ya fito cikin waɗanda aka kora.

Inna ba ta haƙura ba. Ranar raba bilitan, takardar sakamako, ta je ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar koleji, da kwali da bik ɗinta. Da Mushe Zakari ya turo babur, ta tare shi.

"Mushe, tsaya ka gani, don Allah."

Ta aza kwalin bisa cinya ta rubuta Tasalla sau uku, ba gargada. Ya karɓa ya daɗe yana dubawa. Ya cire gilashi ya goge, ya sake dubawa.

"Ke ce kuwa," ya ce.

"Ni ce. To, a mayar mini da auta."

"Inna, malamai sun riga sun zauna, takardu sun tafi sama tun ran Litinin. Ba a hannuna yake ba yanzu."

"Ranar da ka sa sifili, a hannun wa yake?"

Ya miƙa mata kwalin, ta ƙi karɓa, ya rasa inda zai ajiye, ya soka a aljihu ya tayar da babur.

Samira yanzu tana koyon ɗinki a unguwar Zariya. Tana fita da safe ta bayan layi, don kada ta haɗu da ƴan ajinsu. Uwar ta ce wata biyar ke nan yarinyar ba ta yi mata maganar lakwal ba, ita ma ba ta tambaya.