Takardar da ta riga manhaja isa Sabuwa

A da, lokacin da nake aiki a Yamai da Khartum, na'ura da littafinta cikin kwali ɗaya suke zuwa, tare suke tsufa. Yanzu da na dawo Faskari na zauna, abin da nake rubuta wa bayani ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Manhaja ce ta kyauta, mai ɗauke da darussan makaranta, ba ta bukatar intanet. Masu gina ta 'yan sa kai ne, warwatse a duniya. Ni na ɗauki nauyin rubuta yadda ake ɗora ta a kwamfuta, da Hausa. A zaurensu na intanet ina amsa wa wannan da Faransanci, wancan da Larabci, amma babu wanda zai iya karanta shafina ya ce ga kuskure. A unguwa kuwa, in an gan ni gaban kwamfuta, sai a ce labarai Alhaji yake karantawa.

Manhajar iri biyu ce. Akwai wadda suke gyarawa kowane mako, akwai tabbatacciya wadda sukan daɗe ba su sabunta ba. Masu gyara nake bi. Duk abin da suka canza, ranar nake canza takardata.

Na manta yadda abu ke tafiya a nan. Tsohuwar tabbatacciyar ce ke yawo a katin memori, hannu zuwa hannu. Takardata kuwa, sabuwa fil, direba ke kai ta garuruwa ranar kasuwa.

Wata safiya wani malamin firamare ya iso daga Sabuwa kan babur, da kwamfutar makarantarsu, guda ɗaya tak, naɗe cikin zane. Saura mako uku 'yan aji shida su zauna jarrabawa.

"Baba, mataki na biyu ya ce in goge tsoffin darussa, na goge. Na huɗu ya ce in danna koren maɓalli. Kwana tara ina nemansa. Ko idona ne ya mutu?"

"Idonka lafiya lau, Malam. Maɓallin ne bai zo ba tukuna, yana cikin sabuwar manhajar."

Na nemi tsohon bayanina, ashe na rubuta sabo a kansa. Da lalube muka maido da darussan, sai bayan azahar. Ko abinci bai tsaya ci ba, don hanyar ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta. Na raka shi bakin titi, na dawo ɗaki na zauna ni kaɗai.

Tun ranar ba na canza ko kalma ɗaya a takardar sai na ga sabuwar manhajar ta shiga katin mutane.